Ruwan da Ke Ɓoye Cikin Busasshen Gishiri

Cikin gwaje-gwajen da ake nuna wa ɗaliban kimiyya a makarantun sakandare, da wuya a sami wanda ya kai na kofa salfet sauƙi da ɗaukar ido. Wani gishiri ne na jan ƙarfe, 'yan tsakuwoyinsa shuɗɗa ne masu sheƙi, kuma a bushe suke ƙamas; in an zuba su a kan takarda ba za su bar ko alamar danshi ba. Malami zai ɗibi kaɗan ya zuba cikin siririyar kwalbar gwaji ya kara ta a wuta. Ba a jimawa sai tururi ya fara tashi, ɗigon ruwa ya taru a bakin kwalbar inda ya fi sanyi, shuɗin kuma ya dinga koɗewa har abin ya koma farin gari mai ɗan ratsin toka. A bar shi ya huce, a ɗiga masa ruwa, nan take zai yi ƙara, kwalbar ta ɗau zafi a hannu, shuɗin ya dawo kamar bai taɓa tafiya ba. Ɗalibi zai rubuta cewa mai ruwa shuɗi ne, marar ruwa fari ne, ya haddace saboda jarabawar WAEC ko NECO, shi ke nan an wuce wurin. A ganina an yi saurin wucewa. Ruwa ba shi da launi a cikin kofi, farin garin nan ma ba shi da shi, to daga ina shuɗin ya fito? Amsar da zan kare a nan ita ce launin yana fitowa ne daga yadda wasu ƙwayoyi suka kewaye ƙwayar zarrar ƙarfen: su wane ne, su nawa ne, kuma a ina kowacce ta tsaya. Ruwa ɗaya ne kawai daga cikin masu iya tsayawa a wurin. Wanda ya fahimci haka zai san abin da canjin launi ke iya shaida masa, ya kuma san inda shaidar ta tsaya, domin akwai lafiyar mutane da dukiyarsu da ke rataye a kan wannan ɗan sanin.

A wurin masana kimiyyar sinadarai gishiri babban dangi ne, na miya ɗaya ne kawai a cikinsu. Ana samun su idan asid ya haɗu da ƙarfe ko da wani abin da ke kashe kaifinsa, kuma kanwa da alif da jifsam da ake yin silin na POP da shi duk 'yan wannan gida ne. Da yawa daga cikinsu, idan suna daskarewa daga cikin ruwa, sukan riƙe wani kaso na ruwan su gina shi cikin jikinsu. Mai shakka zai ce ai wannan jiƙewa ce kawai, tufa ma in ta jiƙe launinta kan ƙara duhu, haka ƙasa bayan an ɗauke ruwan sama. Magana ce mai kama hankali, sai dai awo ya rushe ta. Tufa tana ɗaukar ruwa kaɗan ko mai yawa gwargwadon yadda aka tsoma ta. Shuɗin kofa salfet kuwa, ko a Kano aka auna shi ko a Alƙahira, giram 100 nasa na ɗauke da ruwa giram 36, in aka gasa shi a sami farin gari giram 64, kullum haka. Dalili shi ne kowace ƙwayar zarra ta jan ƙarfe tana tafe da ƙwayoyin ruwa biyar cif, shi ya sa ake rubuta shi CuSO4·5H2O. Jiƙewa ba ta san irin wannan ƙa'ida ba. Bayan haka, da jiƙewa ce, da kowane abu mai ruwa-ruwa ya yi aikin. Amma a zuba wa farin garin fetur ko kananzir, ko tsantsar sinadarin itanol da ba a surka ba, zai jiƙe sharkaf ya ci gaba da zama fari. Ga kuma zafin da yake fitarwa sa'ad da ruwa ya taɓa shi, wanda ke nuna an ƙulla sabon ɗauri tsakanin ƙwayoyi. Zafin da aka kashe wajen korar ruwan ne yake dawowa.

Mazaunin ruwan ma an gano shi. A 1934 wasu masana biyu a Jami'ar Libaful da ke Ingila, Arnold Beevers da Henry Lipson, suka haska tsakuwar shuɗin gishirin da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, suka lissafa inda kowace ƙwaya take daga yadda hasken ya warwatsu. Suka samu ƙwayoyin ruwa huɗu na manne kai tsaye da jan ƙarfen, sun kewaye shi a shimfiɗe ta kusurwa huɗu, sama da ƙasa kuma akwai ƙwayar oksijin ɗaya-ɗaya daga ɓangaren salfet, maƙwabta shida ke nan. Ta biyar ba ta taɓa ƙarfen ba, tana gefe tana ɗinke sassan ginin da juna. Saboda haka ne ruwan ba ya fita lokaci guda. Biyu kan fara tafiya tun zafi bai kai na tafasar ruwa ba, biyu su bi baya wajen digiri 110 a ma'aunin Salshiyas, ta ƙarshe kuma sai an haura digiri 200 take saki. A kowane mataki ginin kan rushe ya sake zama wani, launin yana raguwa da shi. In aka matsa wa wutar har wajen digiri 650, salfet ɗin kansa zai fashe, a sami baƙin gari wanda ko tulun ruwa aka juye masa ba zai koma shuɗi ba. Wannan iyaka tana da muhimmanci: canjin da ruwa ke kawowa ana iya juya shi sau ba adadi, wanda ya wuce nan kuwa ya tafi ke nan.

Kafin a ga alaƙar maƙwabta da launi, sai an tuna mene ne launi. Hasken rana da muke kira fari gauraye ne na launukan bakan gizo, daga shunayya mai tsawon zango kimanin nanomita 400 zuwa ja mai kusan 700, nanomita kuwa kashi ɗaya ce cikin biliyan na mita. Abu yana yin launi ne idan ya haɗiye wani yanki na wannan haske ya dawo wa ido da saura. Wanda ya haɗiye ja sai a gan shi shuɗi, wanda ya haɗiye kore a gan shi ruwan hoda ko ja, wanda bai haɗiye komai ba a gan shi fari ko garau. Masu haɗiyar su ne ilektoron, 'yan ƙananan halittun da ke kewaya tsakiyar ƙwayar zarra. A wasu ƙarafa, irin su baƙin ƙarfe da jan ƙarfe da kobalt da nikel da kuromiyam, akwai wani rukuni na mazaunai biyar da masana ke yi wa laƙabi da harafin d. Rukunin yana iya ɗaukar ilektoron goma, amma a waɗannan ƙarafa bai cika ba, akwai gurbi. Da ƙwayar ƙarfen ita kaɗai take a sarari, da mazaunan biyar matsayinsu ɗaya. Da zarar maƙwabta sun matso da nasu cajin lantarki sai su ture ilektoron ɗin ƙarfen, kuma turin ba daidai yake a kowane ɓangare ba: mazaunan da ke fuskantar maƙwabta kai tsaye sukan yi sama, waɗanda ke tsakanin maƙwabci da maƙwabci su yi ƙasa. Sai rata ta samu tsakanin na sama da na ƙasa. Ilektoron da ke ƙasa zai iya tsallakawa gurbin sama in ya sami hasken da ƙarfinsa ya yi daidai da faɗin ratar, kuma wannan hasken ne kaɗai yake haɗiyewa. Hans Bethe, masanin kimiyyar fiziya ɗan Jamus, shi ya fara shimfiɗa lissafin wannan a 1929, John Van Vleck na Amurka ya faɗaɗa shi a shekarun 1930. Abin riƙewa daga duk lissafinsu shi ne maƙwabta ke yanke faɗin ratar, faɗin ratar kuma ke yanke launi.

Idan ruwa ne ya kewaye jan ƙarfe, ratar takan sa ya haɗiye hasken da ke wajen nanomita 800, haɗiyar kuma tana da faɗi har ta ci wani yanki na ja, shi ya sa ido ke ganin shuɗi. In aka kori ruwan, oksijin na salfet ne ke cike wuraren da ya bari, su kuwa turinsu bai kai na ruwa ba. Ratar sai ta tsuke, haɗiyar ta zame zuwa hasken da ke gaba da ja, wanda ido ba ya gani. Ashe farin garin bai daina haɗiyar haske ba, ya dai koma haɗiyar wanda ba ma gani. Kobalt kulorayid kuma nasa a juye yake: marar ruwa shuɗi ne, mai ƙwayoyin ruwa shida ja-ja ne mai kama da ruwan hoda, mai biyu da ke tsakani kuma shunayya. Da ruwa a gefensa kobalt kore yake haɗiyewa, wajen nanomita 510, in kulorayid ya karɓe wurin ruwan sai haɗiyar ta koma ɓangaren ja. Nikel kulorayid rawaya ne a bushe, kore ne da ruwa. Salfet na baƙin ƙarfe fari ne a bushe, da ƙwayoyin ruwa bakwai kuma kore ne mai haske. Kofa kulorayid ruwan ƙasa ne, in ya sami ruwa ya koma tsakanin shuɗi da kore. A dubi jerin nan da kyau: ruwa ɗaya ne, amma ya kawo shuɗi a wani wuri, ya kori shuɗi a wani wuri. Da yana da launin kansa da yake arawa, da duk sun nufi gefe guda.

Nan mai tambaya zai ce, to kanwa da alif da jifsam fa? Su ma da ruwa a jikinsu, me ya hana su launi? Ruwan kam akwai shi, ba kaɗan ba. Alif irin na fotash yana da ƙwayoyin ruwa 12, kusan kashi 45 cikin ɗari na nauyinsa, in aka ɗora shi a wuta zai narke ya kumbura ya koma farin abu mai ramuka. Jifsam yana da biyu, kimanin kashi 21 cikin ɗari, kuma garin POP jifsam ne da aka gasa ya saki kashi uku cikin huɗu na ruwansa. Magini na kwaɓa shi da ruwa yana mayar masa da abin da aka ƙwace ne, shi ya sa yake ɗumi ya sandare. Babban sinadarin da ke cikin kanwar da ake haƙowa a ƙasar Manga da kewayen Tafkin Chadi ma yana riƙe da nasa ruwan, kuma launin toka ko ja-ja da ake gani a jikinta daga ƙasa da sauran gaurayen da ke ciki yake. Dukansu ba sa sauya launi don ƙarafan da ke cikinsu, wato sodiyam da fotasiyam da kalsiyam da alminiyam, ba su da ilektoron ko ɗaya a rukunin d, saboda haka babu mai tsallakawa. Hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce ta zinki, ƙarfen da ake shafa wa kwanon rufi don kada ya yi tsatsa. A jadawalin sinadarai jan ƙarfe ne na 29, zinki na 30, kafaɗa da kafaɗa. Amma rukunin d na zinki a cike yake da ilektoron goma, babu gurbin faɗawa. Salfet ɗinsa na ɗaukar ƙwayoyin ruwa bakwai, ya fi na jan ƙarfe, kuma ba shi da launi ko da ruwa ko babu. Akwai dai abu guda da ya kamata a amince wa mai shakka da shi. Wani ɓangare na farin da ake gani bayan gashi daga rugujewar tsakuwa zuwa gari yake, domin gari mai laushi yana tarwatsa haske ta ko'ina, kamar yadda gilashi ke yin fari in an daka shi. Shuɗin kofa salfet ma in aka niƙa shi yakan yi haske-haske. Amma niƙa ba ta mai da shi fari, yana nan shuɗi mai haske, sai an fitar da ruwan.

Hujja mafi ƙarfi kan cewa zancen maƙwabta ne tana fitowa daga gwaje-gwajen da ruwa yake nan birjik amma launi ya sauya. A narka kofa salfet a ruwa a sami shuɗi mai haske, a zuba masa gishirin miya mai yawa, sai ya karkata zuwa kore, domin kulorayid na gishirin ya ture wasu ƙwayoyin ruwa daga gefen jan ƙarfen ya zauna. A zuba wa wani kason isasshen ruwan amoniya, sai ya yi shuɗi mai duhu ƙwarai, domin amoniya ta fi ruwa ƙarfin turi, ta faɗaɗa ratar. Kobalt da ke narke cikin ruwa yana ruwan hoda, in aka ƙara masa asid mai yawan kulorayid zai koma shuɗi alhali yana tsamo-tsamo cikin ruwa. A nan har adadin maƙwabtan ya sauka daga shida zuwa huɗu. Sai kuma kuromiyam kulorayid, wanda ke da siffofi uku, kowacce da ƙwayoyin ruwa shida daidai. A ta farko duk shidan na manne da ƙarfen, launinta shunayya. A ta biyu biyar ne a ciki ɗaya a waje, launinta kore mai haske. A ta uku huɗu a ciki biyu a waje, kore mai duhu. Sikeli ba zai bambance su ba, ido kuwa zai bambance su daga nesa. Irin waɗannan abubuwa masu ɗaure kai ne suka sa Alfred Werner, a birnin Zurik na Suwizalan, ya kawo bayaninsa a 1893 yana ɗan shekara 26, cewa ƙarfe yana da da'irar ciki ta maƙwabtan da ke manne da shi da kuma ta waje, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 1913. Har a duwatsu masu daraja abin haka yake. Jan yaƙutu da koren zumurrudu duka daga ɗan kuromiyam suke samun launinsu, kuma a duka biyun oksijin shida ne ke kewaye da shi, sai dai turinsu ya fi ƙarfi kaɗan a yaƙutu. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma ban san wata magana da ta fi ta dacewa da halin waɗannan ƙarafa ba.

Wani zai ce duk wannan na 'yan makaranta ne, ina ruwan manomi ko ma'aikacin wuta da ratar ilektoron? Ruwansu kuwa babba ne, domin danshi abu ne da ido ba ya gani sai ya riga ya yi ɓarna, kobalt kulorayid kuma yana mai da shi abin gani ba tare da batir ko na'ura ba. Tun a 1737 wani masani ɗan Faransa, Jean Hellot, ya bayyana tawadar sirri ta kobalt: a yi rubutu da ruwansa da aka surka, ya bushe ya kusa ɓacewa, a kara takardar kusa da wuta rubutun ya fito, a ajiye ta ya sha danshin iska ya sake ɓoyewa. A yau aikin ya wuce wasa. 'Yan duwatsun silika da ake ƙunsawa cikin kwalin takalmi ko na magani don su tsotse danshi ba su da launin kansu, amma akan rina wasu da ɗan kobalt kulorayid don a san lokacin da suka ƙoshi. Duk wanda ya lura da babbar taransifomar lantarki zai iya ganin wata ƙaramar kwalba a gefenta cike da irin waɗannan duwatsu. Man da ke cikin taransifoma yana kumbura da zafi ya tsuke da sanyi, don haka tana shaƙar iska tana fitarwa, kuma in danshi ya shiga man sai ƙarfinsa na tare lantarki ya ragu, wanda kan iya kai ta ga ƙonewa. Iskar tana bi ta cikin duwatsun ne kafin ta shiga. Muddin suna shuɗi suna aiki, in sun koma ruwan hoda sun gama, sai a canza su ko a gasa su wajen digiri 120 su koma shuɗi. Kallo ɗaya ya ishi ma'aikaci ya sani, in dai an koya masa ya duba.

Amfanin da ya fi taɓa zuciyata shi ne na hatsi. Masara ko gyaɗar da aka zuba a rumbu ko buhu ba ta gama bushewa ba takan yi funfuna, wani nau'in funfunar kuma yana fitar da gubar afalatoksin, wadda ke lalata hanta, tana jawo cutar dajin hanta, ana kuma danganta ta da tsumburewar yara. A 2004 gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125 a Kenya. Manomi yakan gwada bushewa da haƙori, ko ya girgiza hatsin ya saurari ƙararsa, dabaru ne na gado masu amfani amma sukan yi kuskure daidai a kan iyakar da ta fi haɗari. Masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Debis, Michael Reid da James Thompson, sun ƙirƙiro wani ɗan kati mai suna DryCard, wanda ke ɗauke da zirin takardar kobalt kulorayid da jerin launuka a gefensa don kwatantawa. Ana zuba hatsi a kwalba ko leda, a sa katin, a rufe ruf, a jira rabin awa zuwa awa ɗaya. Iskar da ke ciki za ta daidaita da danshin hatsin, zirin kuma ya daidaita da iskar. In ya karkata zuwa shuɗi, danshin iskar yana ƙasa da kashi 65 cikin ɗari, funfuna ba za ta yi girma ba, ana iya ajiya. In ya yi ruwan hoda, a mayar da hatsin shanya. Ga ƙasar da damina ke iya tsawaita har ta tarar da girbi, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ruwan da ke cikin gishiri yana shafar awo ma, ko da ba a kula da launi ba. Maganin ƙarin jini da ake ba mata a wurin awon ciki galibi salfet ne na baƙin ƙarfe. Mai ƙwayoyin ruwa bakwai kashi 20 cikin ɗari ne kawai na nauyinsa ƙarfe, shi ya sa ƙwayar miligiram 200 ta busasshen nau'in ke ba da ƙarfe kimanin miligiram 65, daidai da abin da ƙwayar miligiram 325 ta mai ruwan ke bayarwa. Wanda ya kwatanta lambobin da ke jikin kwali kawai zai ɗauka ɗaya ta fi ɗaya ƙarfi. Haka yake a feshin gona. Haɗin kofa salfet da farar ƙasa da Pierre Millardet ya yayata a 1885 don ceton gonakin inabi na Bodo a Faransa shi ne kakan magungunan jan ƙarfe da manoman koko a kudancin Nijeriya da Gana ke fesawa don cutar baƙin kwanso. Shuɗin gishirin kashi 25 cikin ɗari ne jan ƙarfe, farin kuma kusan kashi 40. Buhun da aka bari a buɗe cikin busasshiyar iska irin ta hunturu yakan fara yin fari-fari a sama, alamar ya soma sakin ruwansa, kuma kilo ɗaya nasa ya fi kilo ɗaya na sabon buhu kaifi.

Sai dai tun da launin labarin maƙwabtan ƙarfe kawai yake bayarwa, kuskure ne a nemi ya faɗi abin da bai sani ba. Farin kofa salfet zai koma shuɗi da ruwan rijiya, da ruwan kwata, da madara, da ruwan lemo, duk ɗaya. Yana shaida cewa akwai ruwa, bai ce ruwan mai tsabta ba ne. Tsantsar ruwa ana gane shi da tafasa a digiri 100 a matsin iska na bakin teku da daskarewa a sifili, lafiyarsa ga sha kuma sai an yi gwajin ƙwayoyin cuta. Katin hatsi ma danshin yau yake aunawa. Gyaɗar da ta yi funfuna a gona sannan ta bushe za ta ba da shuɗi alhali gubar tana ciki, domin bushewa ba ta kashe afalatoksin, dafuwa ma ba ta gamawa da ita. Kuma ba kowane sauyin launi ne na ruwa ba. Koren salfet na baƙin ƙarfe in ya daɗe a buɗe yakan yi rawaya zuwa ruwan ƙasa, wannan aikin oksijin na iska ne da ya ƙwace ilektoron ɗaya daga ƙarfen, ɗan'uwan tsatsa ne, kuma ba ruwan da zai dawo da koren. Mai ajiyar magani ko kayan gwaji da bai bambance waɗannan biyun ba zai iya zubar da mai kyau, ko ya riƙe wanda ya lalace.

Su kansu gishirin ba abin wasa ba ne. Kofa salfet guba ne in aka haɗiye shi, yana ƙona ciki, kaɗan daga cikinsa kuma yana kashe kifi, don haka ragowar ruwan feshi bai kamata ya gangara kududdufi ko rafi ba. Kobalt kulorayid ya fi shi tayar da hankali: a 2008 Tarayyar Turai ta sa shi cikin jerin sinadaran da ake matuƙar damuwa da su, saboda shaƙar ƙurarsa na iya jawo cutar daji, yana kuma iya cutar da haihuwa. Ɗan zirin da ke lulluɓe cikin kati kaɗan ne ƙwarai, amma mai juye buhun shuɗin silika ko mai gasa shi ya kamata ya rufe hanci, ya sa safar hannu, kada kuma ya yi gashin a tukunya ko murhun da ake girki. Saboda wannan haɗari kamfanoni da yawa sun koma yin duwatsu masu ruwan goro, wasu da rini wasu da gishirin baƙin ƙarfe, waɗanda in sun sha danshi wasu kan koma kore mai duhu, wasu su koɗe su kusa zama fari. Ma'aikacin da ya saba da shuɗi da ruwan hoda, in aka kawo masa sabon nau'i, sai ya tambayi wane launi ne na bushewa a wannan kafin ya yanke hukunci a kan taransifomar da ke gabansa.